"Ban sani ba" ba sifili ba ne

Ƙanena, ka tambaye ni kan dattijon da aka kawo mana daga Dukku jiya da dare da ciwon ƙirji. Ka lissafa masa makin HEART, ma'aunin haɗarin ciwon zuciya ga mai ciwon ƙirji, ya fito 3, littafi ya ce 3 ƙaramin haɗari ne, to me ya sa na hana ka sallame shi?

Lissafinka daidai ne, abin da ka zuba a ciki ne da gyara. Likitocin ƙasar Holan ne suka fito da wannan ma'auni a 2008. Abu 5 yake dubawa: yadda ciwon ya zo, awon isiji (zanen bugun zuciya a takarda), shekaru, abubuwan da ke jawo ciwon zuciya, sai turofonin, sinadarin da ke tashi a jini idan zuciya ta ji rauni. Kowanne daga 0 zuwa 2. Wanda ya tsaya a 0 zuwa 3 ana iya tunanin sallamarsa, 4 zuwa 6 a kwantar a sa ido, 7 zuwa 10 kuwa ba zama. Ina aiki da shi kullum. Amma an gina shi a inda mutum ya san ranar haihuwarsa, kuma fayil ɗinsa na nan tun yana saurayi.

Dubi namu. Ka tambayi Baba shekarunsa, ɗansa ya ce "kamar sittin", ka ba shi 1. Ni da na zauna da shi, ya ce min lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 yana bin shanu. To ya kai 65, makinsa 2. Ka ce yana da hawan jini ko ciwon suga? Ya ce bai sani ba, sai ka ƙidaya tabar da yake sha kaɗai. Mutumin da ba a taɓa ɗaura masa abin awo a hannu ba, ina zai sani? Mun auna har sau 2, jini ya hau, suga ma haka. Abu 3 ke nan, maki 2. Ka ga 3 ta koma 5.

Turofonin ɗin ma ya ruɗe ka. An ɗebi jinin awa 1 da fara ciwo, alhali yakan ɗauki awanni kafin ya tashi. Shi ya sa na ce a sake bayan awa 3, a maimaita isiji.

Kuma ka yi hattara da kalmar "olsa". Mutanenmu duk zafin da ke tsakanin ƙirji da ciki gyambon ciki suke ce masa. Tambayi ko ciwon na danne shi kamar an aza dutse, ko yana bin hannun hagu ko muƙamuƙi, ko da zufa. Mata da masu suga kan zo da kasala da haki kawai.

Wanda layin ST ya ɗaga a isijinsa, alamar toshewar jijiyar zuciya, ba a tsayawa yi masa lissafi. Shi ya sa nake son takardar isijin a hannunka cikin minti 10 da shigowarsa. HEART kuma bai san daskarar jini a huhu ba, bai san tsagewar babbar jijiya ba, balle ƙirjin mai sikila.

Je ka karɓo sakamakon jinin na biyu, ka same ni a gadon Baba.