Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan hidimar Sallah da bashi

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce maigidanki ɗan albashi ne, yaranku huɗu, kuma duk shekara kafin a gama yawon Sallah kun riga kun shiga bashi, sai kuɗin makaranta ya zo ya tarar da ku hannu babu komai. Kina tambaya yaya za a yi yara su ji daɗin Sallah ba tare da an ciwo bashi ba, kuma yaya za ki koya musu godiya alhali suna ganin 'ya'yan maƙwabta da ɗinki kala uku-uku. 'Yan'uwa sun yi miki addu'a sun ba ki haƙuri, Allah ya saka musu da alheri. Ni kuma bari in gaya miki yadda muke yi a gidanmu, don mu ma albashin ne rufin asirinmu, a nan Kano, ga 'ya'ya ga 'yan riƙo.

Kafin komai, ki daina zargin kanki da rashin iya tattali. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, buhun shinkafa mai kilo 50 ya riga ya fi wannan kuɗin. Matan da suka fi mu iya riƙon gida ma sun ji a jikinsu. Amma akwai wani abu guda da yake hannunmu: Sallah ba ta zuwa ba-zata. Ciwo ne yake faɗowa babu sallama, ita kuwa Sallah mun san watanta tun shekara guda kafin ta zo. Gidan da ya bari sai goman ƙarshe na azumi sannan ya fara tunanin ɗinki da kaji, albashin wata ɗaya yake ɗora wa kayan da ya kamata wata goma su ɗauka. A nan bashin yake shigowa.

Mu hidimar Sallarmu daga kaka take farawa. Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da sabon amfanin gona ya cika kasuwa, muke sayen masara da gero da dawa da wake, ko a Dawanau ko a aika wa 'yan'uwa na ƙauye su auno ranar kasuwa. Ba sai kuna da kuɗin buhu ba. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ke da maƙwabtan da kika yarda da su, ku sayi buhu ku raba da kwano. Ko a haka ya fi awon kullum wurin mai shago sauƙi nesa ba kusa ba. Wake ne mai saurin yin ƙwari, don haka ki tabbata ya bushe sarai, ki ɗura a jarka mai murfi ki cika ta har wuya ki toshe, ko ki nemi buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ce wa PICS. Iska ce ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu. Don girman Allah kada ki zuba maganin ƙwari mai guba a abin da 'ya'yanki za su ci. Wata za ta ce to ai a 2025 farashin hatsi sauka ya yi, waɗanda suka ɓoye suka yi asara. Gaskiya ne, amma wannan asarar 'yan kasuwa ce. Ke ba riba kike nema ba. Abin da kike saya shi ne kwanciyar hankalin cewa ran da albashi ya yi jinkiri akwai abin da za a kai inji.

Haka kayan miya. Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin Kadawa da Kura ya yi araha a 'Yankaba, nake sayen kwando in yanka in shanya kauɗa, da tattasai da attaruhu. In damina ta kawo kai, tumatir uku ya koma kuɗin kwano, ni dai jiƙawa nake yi in kai markaɗe. Busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa ba sa yankewa a ɗakina, kuma zogale ɗaya a bayan ɗaki ya isa gida.

Sai maganar da ta fi wuya, wato zama da maigida. Mazajenmu da yawa ba sa son a san nawa suke ɗauka, ba kuma don mugunta ba, nauyi ne da kunya. Kada ki tare shi yana shigowa da gajiya, kada kuma ki fara da abin da mijin wance ya yi. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ɗauko takarda da biro ki ce, “Abban yara, na rubuta abin da muka kashe a Sallar bara, ina so mu duba tare ko Allah zai sa bana mu fita babu bashi.” Namiji yana iya musu da ƙorafi, amma da wuya ya yi musu da lissafin da aka rubuta. A gidanmu ranar da albashi ya shigo ake fitar da na abinci da na makaranta da kason haya, sannan a cire wani abu, komai ƙanƙantarsa, a jefa a asusun Sallah. Asusun katako ne da ƙusa, ba a buɗe shi sai watan Rajab. Ko naira 5,000 ce a wata, in aka yi wata goma ta zama 50,000, kuma duk da darajar naira tana zaizayewa, gara ita da hannu biyu a ranar da tela yake jira. In adashi kike yi, ki roƙi uwar adashi tun farko ta sa miki kwasarki a Rajab ko Sha'aban. Ki yi da mutanen da kika san gidajensu. Abin da nake roƙonki ki guje wa kamar wuta shi ne bashin manhajojin waya: riba ce tsagwaronta, kuma in aka makara kwana kaɗan sai su bi lambobin da ke wayar mutum suna tozarta shi wurin dangi da surukai.

Ɗinki kuwa, duk wadda ta taɓa shiga Kantin Kwari a goman ƙarshe ta san ba ranar ciniki ba ce. Muna sayen yadi da atamfa a Rajab, tela ya karɓa kafin azumi, lokacin da bai fara kwana a shago ba balle ya ninka kuɗi ko ya yi miki alƙawarin da ba zai cika ba. Kowane yaro kala ɗaya sabo, mai kyau, da ɗan sakin jiki yadda zai kai shi baɗi. Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba kwana saba'in ne ko kusa da haka, don haka kayan nan a wanke a goge a adana, su ne na Idin layya, sai dai a canza hula ko ɗankwali. Na washegari kuwa gwanjo mai kyau ya wadatar, kuma kayan yaya su sauko wa ƙani babu abin kunya a ciki. Haka aka yi mana. Atamfa turmi ɗaya tana fitar wa ƙananan 'yan mata biyu riga da siket. Kitso da lalle a gida muke yi, 'yan matan layinmu su taru a tsakar gidana daren jajibere, kowa ta zo da nata lallen, kuma wallahi daren nan ya fi musu komai daɗi a Sallar. Ankon dangi in ya zo ba ki da hali, ki ce ba ki da hali. Za a yi magana kwana biyu a manta, amma mai bin bashi ba ya mantawa.

Azumi shi ne ramin da kuɗin Sallah yake zurarewa ba a sani ba. Cefane sai ya ninka saboda kowa yana son ganin kala biyar a faranti, rabi kuma a wayi gari ya lalace saboda babu wuta. Kunun tsamiya da ƙosai ko alala, sai abinci ɗaya mai nauyi bayan tarawihi, ya ishi kowa, kuma geron da waken suna ɗaki tun kaka. Daga cikin hatsin nan ne ma muke fitar da zakkar fidda-kai, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum, a bayar kafin a tafi Idi.

Yanzu layya, don na san ita ce take hana maza barci. Malamanmu kullum suna faɗa cewa sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da iko, ba a ɗora wa wanda zai shiga ƙunci saboda ita ba. An ruwaito daga Abu Ayyubal Ansari cewa a zamaninsu mutum yakan yanka dabba ɗaya ta isar masa shi da iyalan gidansa, daga baya ne mutane suka mayar da abin alfahari. Kuma ba dole sai rago mai ƙaho ba. Tunkiya ko akuya da ta cika shekaru kuma ba ta da aibi ta isar. Shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne a bakin damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, manomi yana neman kuɗin taki, ga kuɗin makaranta na zango na uku bai daɗe da fita ba. A 2025 ma Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi gab da Sallah, kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da Mai'aduwa suka ji a jikinsu. Abin da muke yi, in akwai hali, shi ne sayen ɗan matsakaicin rago wata huɗu ko biyar kafin lokaci, a Wudil ranar Juma'a ko Dambatta ranar Lahadi, mu ɗaure a gida. Dusar da ake samu daga surfe da ɓawon wake da ragowar tuwo duk nasa ne, sai a ƙara da harawa. Amma ki yi lissafin abincinsa da magani tun farko, domin in komai saye za ki yi kuma gidan haya ne babu fili, kiwon zai iya fin sayen tsada. Shekarar da babu hali kuma watanda muke shiga, a haɗa kuɗi a sayi sa a raba nama kashi-kashi, yara su ci su ƙoshi. Ko watandar tana tsayawa a matsayin layya, wannan ku tambayi malaminku, domin a mazhabar Malikiyya ba a haɗa kuɗi a sayi abin layya, wasu mazhabobin kuma sun yarda mutum bakwai su haɗu a kan sa ɗaya. Mun yi shekarun da ba mu yanka komai ba, maƙwabta suka aiko, muka karɓa da hannu biyu muka yi godiya. Mun kuma yi shekarun da mu muka aika.

Maganar godiya da kika yi ita ta fi taɓa ni. Yaro ba ya koyon godiya daga wa'azi in yana jin uwarsa tana tsaki a kan abin da ubansa ya kawo. Duk ledar da maigida ya shigo da ita, ko ta rabin kaza ce, ki tashi ki karɓa a gabansu ki ce, “Sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara buɗi,” ki sa kowannensu ya je ya durƙusa ya ce an gode. Su ma manyan cikinsu ki gaya musu gaskiya: bana ga abin da Allah ya hore, kala ɗaya za a yi, domin mu biya kuɗin makaranta a kan lokaci. Yaran da ake gaya wa gaskiya sun fi waɗanda ake yi wa alƙawarin ƙarya haƙuri. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hore mu da mu dubi wanda yake ƙasa da mu, kada mu dubi na sama, don kada mu raina ni'imar Allah. Ni da ƙafafunsu nake koya musu wannan. Ranar Sallah da safe, kafin su ci nasu, su nake ɗora wa kwanon tuwo su kai gidan marayun layinmu da ɗakin tsohuwar da ba ta da kowa. Kayan da suka yi musu kaɗan su da kansu suke wankewa su ninke su miƙa. Yaron da ya ga idon wanda ya karɓi tsohuwar rigarsa yana murna, ba sai an ce masa ya gode wa Allah a kan sabuwa ba. Ke ma ki rage kallon hotunan Sallar mutane a waya. Ba a ɗora hoton takardar bashi, kuma da yawa daga cikin masu kala ukun nan ba ki san yadda suke kwana ba.

Goron Sallar da yara suke samowa a yawo kada ki karɓe ki yi cefane da shi a ɓoye, yana karya musu zuciya. Ku ƙirga tare, a ba su wani abu su kashe yadda suke so, sauran a sa musu a nasu asusun don littafi da takalmin makaranta.

In kuma Sallar bana ta riga ta matso babu abin da aka tara, to ku fara da bashin bara: ku rubuta sunan kowa da abin da yake bi, maigida ya je da ƙafarsa ya nemi a sassauta masa ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ku ware kuɗin makaranta gefe kada a taɓa shi ko da za a yi Sallah da kayan bara. Abin da ya rage a yi wa ƙananan ɗinki tukuna, don su ne ba su san uzuri ba, ke da Abbansu ku wanke na akwati ku sa. Cincin na kwano ɗaya na fulawa da miyar kaza ɗaya sun isa a karɓi baƙi. Albashin farko bayan Sallah kuma a sayo asusu a kai wa kafinta ya buga masa ƙusa. Allah ya rufa mana asiri, ya shirya mana zuri'a.