Muna da rumbun bayanai, me ontoloji za ta ƙara mana?

Tambaya: Malam, ina aiki a wata tashar tace ruwa mai na'urorin awo birjik, duk suna tura bayanai zuwa kwamfuta, ita kuma tana kunna injina tana kashewa. Oga ya ce a tsara wa tashar ontoloji. Ai muna da rumbun bayanai, me za ta ƙara?

Amsa: Ɗan'uwa, rumbun bayanai lamba yake ajiyewa, ba ruwansa da ma'anarta. A ce 4.2 ta shigo da ƙarfe 3 na dare. Matsin ruwa ne a bututu, ko zurfinsa a tanki? Da wane ma'auni? Injiniyan da ya haɗa wayoyin ya sani, amma ranar da ya ajiye aiki, ya tafi da sanin a kansa. Ontoloji ita ce rubuta wannan sanin yadda kwamfuta za ta gane: ire-iren kayan da ke tashar, da abin da ya haɗa wannan da wancan.

Kada ka raina batun ma'auni. A 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, saboda wata manhaja tana fitar da lissafi da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuma ta ɗauka niyutan ne, wani ma'aunin ƙarfi daban.

Kada ka fara da zana taswirar ontolojin. Zauna da masu aikin dare ka rubuta tambayoyin da suke so a amsa musu. Idan injin tura ruwa na 2 ya tsaya, waɗanne tankuna za su bushe? Wace na'ura ce ta wuce lokacin gyaran awonta? Duk abin da ba ya taimaka wa irin waɗannan tambayoyi, bar shi a waje. Masu son cusa komai su ne aikinsu ba ya ƙarewa.

Kuma ba sai ka ƙirƙiro komai da kanka ba. Akwai SOSA da SSN, shiryayyun ontoloji na na'urorin awo da ƙungiyoyin tsara ƙa'idoji W3C da OGC suka fitar a 2017, sun bambanta abu huɗu da mutane ke cakuɗawa: na'urar awo, abin da ake aunawa a jikinsa kamar tanki, sifar da ake aunawa kamar zurfi, da shi kansa awon. Amfanin wannan rabo, in na'ura ta lalace ka sauya, tarihin tankin bai yanke ba. Ma'aunai kuwa, ari QUDT, shiryayyar ontoloji ta ma'aunai. Manhajar Protégé ta Jami'ar Stanford, wadda ake gina ontoloji da ita, kyauta ce.

Inda sababbin shiga ke tuntuɓe shi ne OWL, harshen da ake rubuta ontoloji da shi. A wurinsa, abin da ba ka rubuta ba, ba a sani ba ne kawai, ba wai babu shi ba. Ka manta ba ka ba wani tanki na'urar awo ba, ba zai ce uffan ba. Don kama irin wannan giɓi sai ka haɗa da SHACL, harshen da ke duba ko bayanai sun cika sharuɗɗan da ka gindaya.

Awon da ke shigowa kowane daƙiƙa kuwa, bar shi a rumbunku na yanzu. Ontoloji ta riƙe sunan kowace na'ura, da wurin da take, da inda za a samo awonta.