Tambaya da Amsa: Abincin Biyetnam mai haɗin Faransa

Tambaya: Anti barka da aiki, daga Tudun Wada Gombe nake rubuto miki. Mun je Faris ni da maigida bikin kammala karatun ɗanmu, sai ya kai mu wani gidan abinci mai tsada na 'yan Biyetnam, aka riƙa kawo abinci kaɗan-kaɗan faranti bayan faranti har kusan awa uku, romon naman shanu da taliyar shinkafa wallahi har yau ina santinsa, amma burodin da suka kawo irin dogon nan ne na Maraɗi. Me ya haɗa su? Kuma halas muka ci?

Amsa: Hajiya sannu da hanya, Allah ya sanya albarka a karatun. Abin da ya kai burodin nan Nijar shi ya kai shi Biyetnam, wato mulkin mallakar Faransa, sun fara kai farmaki Biyetnam a 1858 mulkinsu bai ƙare ba sai 1954 bayan an ci su da yaƙi a Dien Bien Phu. Suka bar musu burodi da bota da kofi da madarar gwangwani. Romon da kika sha sunansa pho, ƙashi ake dafawa awanni da kirfa da gasasshiyar citta da albasa, sai ruwan kifin da aka tsima da gishiri, shi ne kamar daddawarsu.

Batun halas kuwa nan nake so ki kula sosai, burodin nasu banh mi yawanci da niƙaƙƙiyar hantar alade ake shafe shi, girkin Faransa kuma ana yawan zuba giyar inabi a miya, ga maganar yanka. Ki sa yaron ya kira masu gidan abincin ya tambaya, sannan ki kai wa malami amsar da suka bayar.