Zara da Gamzaki, wai abu ɗaya ne?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah a raba mana gardama. Tauraruwar nan mai haske sosai da ke fitowa ta yamma bayan magariba, wadda kakata ke ce ma Zara matar wata, na kwana biyu ban ganta ba, sai abokina a majalisa ya ce wai ita ce dai ke fitowa ta gabas da asuba ake ce mata Gamzaki, ni ko na ce ina, ba zai yiwu ba. Wa ya fi gaskiya? Daga wani ɗalibi a Gumel.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. To gaskiya abokinka ya kada ka, ita ce dai. Kuma ba ma tauraruwa ba ce, duniya ce sukutum da ta kusa kai tamu girma, Larabawa na ce mata Zuhura, Turawa kuma Venus. Da yake ta fi mu kusa da rana ba ta yin nisa da ita a sama, ko dai ta bi bayanta ta faɗi ko ta riga ta fitowa, shi ya sa ba za ka taɓa ganinta a kan ka da tsakar dare ba. Takan yi wajen wata 8 zuwa 9 a yamma, sai ta ɓace kamar sati guda ta gifta tsakaninmu da rana, sai ga ta a gabas, duk zagayen kwana 584 ne.

Hasken nan ma na rana ne, gajimare mai kauri ya lulluɓe ta yana maido shi, a ƙarƙashinsa kuwa zafi ya haura digiri 460.

Abin da ya fi burge ni shi ne tana yin jinjiri ta kuma cika kamar wata. Galileo ɗan Italiya ya gano haka da madubin hangen nesa a 1610, hakan ya nuna rana take kewayawa ba mu ba. Ni ranar da na fara ganin haka, madubin aro ne mai ido biyu, na jingina gwiwar hannu a kan katanga dan kar ya yi rawa, wallahi sai ga ɗan siririn lauje fari tas, na daɗe tsaye har aka tada isha'i.

Gobe in kun fito daga sallar asuba ja abokin naka ku dubi gabas, in tana nan za ku gane ta, ta fi kowa haske kuma ba ta cika ƙyaftawa ba. Amma dan girman Allah da gari ya fara wayewa a ajiye madubin, kallon rana da shi na iya makantar da mutum nan take.