Tambaya da Amsa: Me Soson Teku Yake Yi da Ƙwayoyin Gadon Gina Jiki?

Tambaya: Malam, na karanta cewa soson teku dabba ne, kuma wai yana da ƙwayoyin gadon da ke tsara jikin ɗan tayi irin namu. To abin da ba shi da kai, ba ciki, ba jijiya, me zai yi da su?

Amsa: Abin da ka karanta gaskiya ne, sai dai akwai gyara a ciki. Soso yana da da yawa daga cikinsu, amma ba duka ba. Kuma kana kallon babban soso ne, wanda ya manne a dutse yana tace ruwa. Da ka ga jaririnsa, da tambayar ta sauya.

A 2010 aka wallafa cikakken jerin ƙwayoyin gadon wani soso mai suna Amphimedon queenslandica, wanda ake samu a gaɓar tekun Ostireliya. Bernard Degnan na Jami'ar Queensland na cikin jagororin aikin. An tarar da Wnt da TGF-beta da Notch, waɗanda sel, wato ƙananan ƙwayoyin da aka gina jiki da su, ke aika wa juna saƙo da su, an kuma tarar da dangin Sox da Pax, masu kunna wasu ƙwayoyin gadon su kashe wasu. Da waɗannan ake shata gaba da baya a ɗan tayin kwaɗo da na mutum.

Shi jaririn wannan soso ɗan mitsitsi ne, dogo-dogo, jikinsa lulluɓe da siraran gashi da yake iyo da su. A ƙarshen bayansa akwai wani zobe mai duhu, kewaye da gashin da ya fi sauran tsawo. Idan haske ya sauka a gefe guda na zoben, gashin wurin sai ya miƙe, jaririn ya juya ya nufi inuwa. Ba ƙwaƙwalwa, ba jijiyar kai saƙo ko ɗaya. To a 2007 Maja Adamska da abokan aikinta suka nuna cewa Wnt yana aiki ne daidai a wannan ƙarshen na baya. Ke nan soso ma yana da gaba da baya, na ɗan lokaci, kafin ya sami wurin zama ya rushe wannan tsarin ya sake gini. A wani soson kuma, Sycon ciliatum, an ga Wnt yana aiki a bakin babbar kafar da ruwa ke fita.

Abin da ya rasa shi ne Hox, ƙwayoyin gadon da ke faɗa wa kowane sashen jiki matsayinsa daga kai zuwa wutsiya. Su ne idan suka sami tangarɗa a ƙudan 'ya'yan itace sai ƙafa ta tsiro a gurbin eriyar kansa. Amphimedon ba shi da su, sai 'yan uwansu na dangin NK, a jere wuri guda. A nan masana suka rabu. Wasu sun ce Hox bai riga ya samu ba lokacin da soso ya ware daga sauran dabbobi. Wasu kuma, irin su David Ferrier, sun ce da yana da su, zubar da su ya yi, domin ƙwayoyin gadon da ke zagaye da Hox a sauran dabbobi suna nan tare a soso, gurbin ne kawai wayam. A 2014 aka ba da rahoton samun Cdx, ɗan dangin ParaHox, 'yan uwan Hox na kusa, a Sycon, abin da ya ƙarfafa ra'ayi na biyu, ko da yake wasu sun yi jayayya da wannan fassarar daga baya.

Ni a ganina babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar soso a matsayin kakan dabbobi da ya tsaya cik. Ɗan uwa ne. Fiye da shekara miliyan 600 ke nan, bisa ƙiyasin masana, da rabuwar zuriyarsa da ta sauran dabbobi, kuma duk tsawon wannan lokaci shi ma yana ta sauyawa, yana ƙari yana ragi. Har ma batun cewa shi ne ya fara warewa ba a gama shi ba. Tun 2008 wasu ke cewa tinofora ne, waɗannan dabbobin teku masu jiki garai-garai, kuma wani bincike na 2023 kan jerin ƙwayoyin gado a kuromosom, wato zaren da suke jere a kai, ya goyi bayansu. Tinofora suna da jijiya da tsoka. Idan su suka fara warewa, to ko dai soso ya yi asarar jijiya, ko kuwa sau biyu jijiya ta samu a tarihi.

Wani abin kuma, tushen wasu daga cikin ƙwayoyin gadon nan ya girmi dabbobi gaba ɗaya. Monosiga brevicollis halitta ce mai sel ɗaya tal, amma da aka karanta ƙwayoyin gadonta a 2008 an tarar da kadherin, wanda a jikinmu shi ke manne sel da sel. Capsaspora, ita ma mai sel ɗaya, tana da Brachyury, wanda ɗan tayin dabba mai ƙashin baya ba ya kafuwa daidai sai da shi. Wuƙa ce aka ƙera don yankan igiya, daga baya aka yi fiɗa da ita. Haka soso yake da ƙwayoyin gado masu yawa na mahaɗar jijiyoyi ba tare da jijiyar ba. A 2021 masu bincike a Heidelberg ta Jamus, da suka duba soson ruwan daɗi Spongilla lacustris, sun ga wasu sel da ke kunna irin waɗannan ƙwayoyin gadon suna zaune a cikin ƙananan ɗakunan tace abinci, suna miƙa hannuwa zuwa ga sel masu kaɗa ruwa. Hasashensu shi ne suna daidaita cin abinci ne, ko suna share ƙwayoyin cutar da ruwa ya kwaso.