Tambayoyi da amsoshin lafiya: Shin gwaji ake yi da masu ciwon ƙashi a asibitin koyarwa?

Assalamu alaikum masu karatu. Tambayoyin wannan makon a kan ƙashi da gaɓoɓi suka taru, kuma yawancinsu sun shafi ɓangarorin awo da bincike na asibitocin koyarwa na jami'o'i. Akwai guda ɗaya da ta tsaya mini a rai, a kanta zan fi daɗewa.

Tambaya: Likita, an ɗauki hoton bayana da eksire, yanzu kuma an ce sai na yi MRI. Ba duk hoto ba ne?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, Malam. Eksire ƙashi yake nunawa. MRI kuwa yana nuna laka da jijiyoyi da guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, kuma da maganaɗisu mai ƙarfi yake aiki. Don haka ka faɗa musu tun kafin ka shiga idan akwai ƙarfe a jikinka, ko na'urar daidaita bugun zuciya, ko ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa shigar maka ido. Idan kuma ƙafafunka suka fara mutuwa, ko riƙe fitsari da bayan gida ya gagare ka, kada ka jira ranar hoto, ka tafi asibiti a ranar.

Tambaya: Mahaifiyata mai shekara 68 ta zame a tsakar ɗaki ta karye a wuyan hannu. Karayar ta warke, amma an ce a yi mata awon ƙarfin ƙashi. Dole ne?

Amsa: A yi mata. Wanda ya karye daga 'yar faɗuwa irin wannan, ana zargin ƙashinsa ya zaizaye, musamman mace da ta daɗe da daina al'ada. Awon, wanda ake kira DXA, ba ya ciwo kuma 'yan mintuna ne. Ana auna ƙashin kwatangwalo da na ƙasan baya, idan sakamakon ya kai -2.5 ko ya yi ƙasa da haka, to zaizayewar ta tabbata bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1994. Akwai magani. Abin da muke gudu shi ne karaya ta gaba ta zama ta kwatangwalo.

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 15 gwiwarsa ta kumbura wata uku ke nan, ciwon ya fi tsanani da dare. A asibitin koyarwa sun ce za su ɗebi ɗan nama daga wurin su auna, suka kuma ba mu takardar neman izinin ajiye ragowar naman da jininsa domin bincike. Dangin mahaifinsa suka ce zakaran gwajin dafi za a mayar da shi, ɗalibai su koyi aiki a kansa, ƙarshe a yanke ƙafar. Mun dawo da shi gida, ana tsaga wurin ana shafa magani. Me za ka ce?

Amsa: Hajiya, kafin komai: a daina tsagar nan yau, a mayar da yaron nan asibiti gobe da safe. Sauran bayanin zai iya jira, wannan ba zai jira ba.

Kumburi a kusa da gwiwar matashi, da ciwon da ke hana shi barci, wata da watanni, abu ne da kowane likitan ƙashi yake ɗauka da nauyi. Yana iya zama ƙwayoyin cuta ne suka shiga ƙashin, yana iya zama tarin fuka na ƙashi, yana kuma iya zama kansar ƙashi, wadda ta fi kama yara masu tasowa kuma ta fi fitowa a daidai wannan wurin. Ban ce ita ce ba. Ni da nake nesa ba zan sani ba, su ma da suka gan shi hoto kaɗai ba zai ishe su ba. Sai an ɗebi naman an kai ɗakin gwaje-gwaje, an yanka shi siriri an duba da madubin likita, sannan a san sunan cutar. Maganin waɗannan cututtuka uku ya sha bamban ƙwarai, to ta yaya za a fara magani ba a san wacce ba ce?

Yanzu maganar takarda. Abu biyu aka nema a wurinku, dangi suka haɗa su wuri ɗaya. Na farko izinin ɗebe naman domin a gano ciwonsa, wannan ɓangare ne na neman maganinsa. Na biyu izinin ajiye abin da ya rage domin bincike, wannan kuma ganin damarku ne. Idan kun ce a'a, ba a rage masa komai daga kulawar da ta kamace shi. Idan kun yarda, ana cire sunansa a sa lamba, a ajiye naman da jinin a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, masu bincike su riƙa kwatanta shi da na wasu marasa lafiya don a fahimci yadda cutar take. Ba a ƙara masa yanka saboda haka. Ko kun sa hannu yau, kuna da ikon janyewa daga baya.

Ba zan ce tsoron danginku ba shi da tushe ba. An zalunci mutane da sunan bincike a duniya. Likitocin Nazi sun yi a Jamus, shi ya sa aka kafa ƙa'idojin Nuremberg a 1947. A Amurka, daga 1932 zuwa 1972, an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani a binciken Tuskegee, don kawai a ga yadda cutar za ta ci su. Saboda irin wannan ta'asa ne Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da sanarwar Helsinki a 1964, aka yi ta ƙarfafa ta daga baya. A yau ba a yarda a fara bincike a kan mutum a asibitin jami'a ba sai kwamitin ɗa'a ya duba ya amince, kuma sai an yi wa mara lafiya bayani da harshen da yake ji. Yaro mai shekara 15 ma ana neman yardarsa bayan ta iyayensa. Ku tambaye su kai tsaye: wane kwamiti ya amince da wannan binciken? Me za a yi da naman? Wa za mu kira idan muna da ƙorafi? Wane babban likita ne zai yi aikin? Haƙƙinku ne, kuma likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Ɗalibai suna kallo suna koyo, gaskiya ne, amma ba ɗalibi ake miƙa wa aikin kansar ƙashi ba.

Ga abin da nake so ki karanta wa dangin mahaifinsa. Kafin shekarun 1970, yaron da ya kamu da wannan kansa yanke ƙafar ake yi, kuma duk da haka waɗanda suke kai shekara biyar a raye ba su kai ɗaya cikin biyar ba, domin cutar ta riga ta tafi huhu a ɓoye. Binciken da aka yi a asibitocin jami'o'i a shekarun 1970 da 1980, da yardar iyaye irinku, shi ya nuna cewa idan aka haɗa tiyata da allurar kashe ƙwayoyin kansa, lamarin yana canjawa. Yanzu kusan shida zuwa bakwai cikin goma na waɗanda aka gano kafin cutar ta yaɗu suna tsira, kuma a cibiyoyin da suka ƙware yawancinsu ba a yanke musu ƙafa, ana cire ƙashin da ya lalace a maye gurbinsa da ƙarfe ko wani ƙashin. Abin da ke kai yaro ga yanke ƙafa shi ne jinkiri. Kumburin yana girma, yana naɗe jijiyoyin jini, har ya zama babu abin da za a ceta.

Ita kuwa tsagar, wallahi tana ɓata mini rai. Tana shigar da ƙwayoyin cuta, tana lalata fatar da likitan tiyata zai buƙata don rufe wurin, idan kuma kansa ce tana iya buɗe mata hanya zuwa naman da ke kewaye. Mu kanmu ba ko'ina muke yarda a ɗebi naman ba, sai a asibitin da zai yi babbar tiyatar, saboda hanyar da allurar ta bi ma sai an cire ta tare da kumburin. To ina ga reza? Wanda yake shafa masa maganin nan bai san cutar ba, ba ya rubuta waɗanda suka warke da waɗanda suka rasu a hannunsa, babu kwamitin da ke duba shi, bai kuma ba ku takarda ko ɗaya ba. Idan gwaji kuke tsoro, ai ga shi nan ana yi a gidanku.

Ku koma asibiti, Hajiya. Idan takardar binciken ce ta dame ku, ku ƙi sa mata hannu, amma ku bari a auna naman. Allah Ya ba shi lafiya.

Tambaya: Gwiwoyina sun sinɗe saboda shekaru. Na roƙi a yi mini tiyatar wanke gwiwa, sai aka tura ni sashen gashin ƙashi. Ko raina ni aka yi?

Amsa: Ba raini ba ne, Baba. A 2002 an wallafa wani bincike da aka yi a birnin Houston na Amurka a kan mutum 180 masu irin ciwonka. Wasu an wanke musu gwiwar, wasu kuma da saninsu cewa hakan na iya faruwa, an ɗan tsaga fatar kawai aka ɗinke. Bayan shekara biyu, waɗanda aka wanke wa ba su fi sauran samun sauƙi ba. Ƙarfafa tsokar cinya da rage ƙiba sun fi amfani. Ka riƙe atisayen da aka koya maka. Idan gwiwar ta yi zafi ta kumbura lokaci guda tare da zazzaɓi, ka garzaya asibiti.

Tambaya: Yayata tana da ciwon gaɓoɓi, yatsunta suna ƙagewa da safe. Wani mai sayar da magani yana haɗa mata ƙwayoyi, ciwon ya tafi, har fuskarta ta ciko. Sai muka fasa zuwa awon jinin da aka rubuta mata. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, kuma babba. Wannan cikar fuskar ba lafiya ba ce, alama ce ta cewa akwai sitirod a haɗin, wato magungunan danne kumburi masu ƙarfi irin su prednisolone ko dexamethasone. Tun 1948, lokacin da likita Philip Hench ya fara ba masu ciwon gaɓoɓi kotizon, wanda shi ma sitirod ne, a asibitin Mayo na Amurka, aka ga yadda yake ɗauke ciwo kamar an zare ƙaya, ba a daɗe ba kuma aka ga ɓarnarsa. Shan sa wata da watanni ba kulawar likita yana kawo ciwon suga da hawan jini, yana zaizaye ƙashi, yana iya kashe kan ƙashin cinya har mutum ya kasa takawa. Mutanen da suke ƙulla waɗannan ƙwayoyi a leda ba suna ba adadi, ban san yadda suke iya barci ba.

Amma kada ta daina sha lokaci guda, hakan ma yana da haɗari ga rai, domin jikinta ya rage yin nasa sinadarin. Ku ɗauki ƙwayoyin ku kai wa likita a wannan makon, shi zai rage mata a hankali. Ku yi awon jinin nan. Shi zai taimaka a gane ko ciwon da garkuwar jiki ke cin gaɓoɓi ne, wanda yake da magunguna irin su methotrexate da ke hana yatsu lanƙwashewa idan an fara da wuri.

Tambaya: 'Yata tana da lalurar ƙwaƙwalwa tun haihuwa, a kan yatsun ƙafa take tafiya. An ce za a kai ta ɗakin awon tafiya. Mene ne shi?

Amsa: Ɗaki ne mai kyamarori da faranti a ƙasa da ke auna nauyin taku. Ana manna mata 'yan alamomi a fata, ta yi tafiya, kwamfuta ta nuna wace tsoka ce ke jan ƙafar. Ba allura ba yanka. Yana taimaka wa likita kada ya yi tiyata a inda ba nan matsalar take ba. Ku kai ta.

Tambaya: An sa mini kwatangwalon roba da ƙarfe, lafiyata ƙalau, amma duk shekara sai an kira ni a cika takarda a ɗauki hoto. Meye amfanin?

Amsa: Amfanin naka ne da na waɗanda za su zo bayanka. Tun da John Charnley ya kyautata wannan tiyata a Wrightington ta Ingila a farkon shekarun 1960, bin sawun marasa lafiya ne ya nuna wane ƙarfe ke daɗewa. Sweden ta buɗe rajistar masu kwatangwalon roba a 1979, kuma irin wannan rajista ce ta tona wani samfurin ƙarfe-kan-ƙarfe da aka janye daga kasuwa a 2010. Ƙarfe yana iya fara sassautawa mutum bai ji komai ba, hoto ne ke kama shi. Ka riƙa amsa kiran. Idan ka ji sabon ciwo a matsematsi ko wurin ya fara ruwa, kada ka jira shekara ta zagayo.

Tambaya: Ƙanena ya karye a hannu jiya, an ɗaure masa da karare tamau. Yatsunsa sun kumbura sun yi sanyi, yana ta kuka. An ce alamar ɗorin ya kama ne.

Amsa: Ba kamawa ba ce, jini ne ya daina isa hannun. A sassauta ɗaurin yanzu, a tallafe hannun, a kai shi sashen gaggawa a daren nan. Tsokar da ta rasa jini tana fara mutuwa cikin kusan awa shida, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Ko simintin asibiti ne ya matse haka, komawa ake yi a tsaga shi nan take. Kada ku jira gari ya waye.