Yaya, Ba Ƙungiyar Asiri 'Yarki Ta Shiga Ba

Yaya, salamu alaikum. Ya gida, ya damina, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Saƙon muryar da kika aiko sau biyu na saurare shi, na farko a mota ina dawowa daga aiki, na biyu bayan isha'i ni da Abban yara. Na ji har muryarki na rawa. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta, don in kira na yi, katse juna za mu yi ta yi har data ta ƙare ba a fahimci komai ba.

Hoton da kika gani a WhatsApp ba haɗi ba ne. 'Yarki ce, sanye da riga iri ɗaya da ta sauran 'yan matan, da baƙaƙen Girkanci a ƙirji, sun harɗe yatsu suna wata alama. Ban kuma ga laifinki ba da zuciyarki ta tafi inda ta tafi. Mu da muka yi jami'a a gida, in aka ce ƙungiya mai alamar hannu da rantsuwa, gatari da jini ne ke faɗo mana a rai. Kin tuna 1999, da aka shiga ɗakin kwanan ɗalibai a Ife cikin dare aka kashe mutum biyar. Muna Zariya a lokacin, amma sai da muka yi kwanaki ba barcin kirki. Ita ma wadda Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952, ai ba da gatari ta fara ba, daga baya ne rassa suka ɓalle abin ya lalace. Saboda haka ranar da yarinyar nan ta fara kawo min maganar, amsar da na ba ta ita ce wadda ke ma za ki ba ta: ba da yawuna ba.

Abin da ake kira sororiti a nan ƙungiyar ɗalibai mata ce, ta maza kuma firataniti. Jami'a ta san da su, akwai ofishi guda da ma'aikata da ke lura da su. Gidajensu na jere a kan titi ɗaya, kowanne da sunansa ɓaro-ɓaro a goshin gini, kuma a kowane gida akwai dattijuwa da aka ɗauka aiki tana kwana a ciki, suna ce mata uwar gida. Wadda makinta ya faɗi a jarrabawa ana dakatar da ita daga shagulgula sai ta gyara. Abin ya daɗe. Tun 1851 wasu 'yan mata a kwalejin Wesleyan da ke garin Macon a jihar Jojiya suka kafa tasu, wadda yau ake kira Alpha Delta Pi, a zamanin da mace a babbar makaranta abin kallo ce. Baƙaƙen Girkancin kuwa kwaikwayo ne daga maza, waɗanda suka fara da Phi Beta Kappa a 1776. Yau manyan na mata guda 26 ne ke ƙarƙashin inuwa ɗaya, kuma su ne ke shirya makon zaɓen da 'yarki ta shiga.

Wannan makon shi ne abin ba da labari. A watan Agusta ake yi, kafin a fara karatu, lokacin da zafin Teksas ke gasa mutum kamar Afrilun Sakkwato, ga gumi a kai. Ana raba sababbin ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni a ba shi jagora, wata babbar ɗaliba da ke ɓoye gidan da ta fito har a gama, don kada ta ja ra'ayin kowa. Ranar farko kowane gida sai an leƙa shi. A tsaya a layi a bakin ƙofa bisa jerin suna, a ajiye waya da jaka a waje. Da lokaci ya cika sai ƙofa ta buɗe, 'yan gidan cunkus a ciki suna tafi suna waƙa da iyakar muryarsu. Ta ce min, Mama, kamar ranar kamu, sai dai ba amarya. Ɗaya ta fito ta kama hannunki, ta kai ki kusurwa ku yi hira ta 'yan mintuna, wata ta zo ta karɓe ta, wata ta karɓi wannan, kafin ki tantance fuskokinsu an rako ki waje, sai gida na gaba. Daga ina kike, me za ki karanta, me ya kawo ki. Tambaya ɗaya, gida goma sha.

Akwai abubuwan da ake gargaɗinsu kada su taɓo a hirar: samari, giya, kuɗi, siyasa da addini. Na yi dariya da ta faɗa min na ƙarshen. Na ce ke da kika shiga da mayafi a ka, ai addininki ya riga ki yin sallama.

Da dare kowace yarinya ta jera gidajen da ta fi so a kwamfuta. Su ma 'yan gidan su zauna su ba kowace baƙuwa maki. Da safe a miƙo miki takarda ɗauke da gidajen da suka sake gayyatarki. Kullum jerin raguwa yake. Rana ta biyu zancen aikin taimako ake yi, don kowace ƙungiya da inda take tara wa kuɗi: Tri Delta asibitin yara na St. Jude da ke Memphis, Zeta Tau Alpha yaƙi da kansar mama, haka dai. Sannan ranar zumunci, a zaga da ke cikin gida, a gaya miki abin da za ki riƙa biya. Ta ƙarshe ita ce mai nauyi. Gida biyu kacal, a sa kayan fita kunya, a kunna kyandir, manya su tashi su faɗi yadda ƙungiyar ta riƙe su ranar da uba ya rasu ko ciwo ya kama su, a yi ta share hawaye. Daga nan ki je ki sa hannu a takardar alkawari. In gidan da kika rubuta ya ɗauke ki kika ce kin fasa, sai ki jira wata shekarar.

Safiya ta uku ta kira ni tana kuka. Gidajen da ta ƙwallafa wa rai duk sun sauke ta, har da wanda ta ce sun yi ta dariya da yarinyar da ta tare ta, har suna cewa za su je cin abinci tare. Ba a faɗa maka dalili, ba kuma wanda za ka tambaya. Yaya, na haifi yarinyar nan a ƙasar nan, Turancinta ya fi na malaminmu na sakandare, ba ta taɓa zuwa ƙasa da na uku a aji ba, amma ranar ta tambaye ni, Mama, mayafin ne ko fatar? Na rasa ta cewa. Na ce mata ta tashi ta yi alwala, in ta ga ba za ta iya ba ta tattaro kayanta, babu wanda ya aike ta.

Tambayar tata ba daga sama ta faɗo ba. Yawancin gidajen nan na farare ne tun asali, kuma gado na aiki a ciki: wadda uwarta ko kakarta ta yi gidan tana da ƙafa, wasu ma da wasiƙun shaida daga tsofaffin 'yan ƙungiya suke zuwa. Mu wa muka sani? A Jami'ar Alabama, wadda bidiyoyin makon zaɓenta suka cika TikTok a 2021, sai a 2013 jaridar ɗalibai ta tona yadda ake toshe 'yan mata baƙaƙe, aka yi ta surutu a faɗin ƙasa, sannan aka buɗe ƙofa. Shekarar da aka haifi autanki ke nan, ba zamanin kakanni ba. Wannan wariyar ce ta sa baƙaƙen Amurka suka kafa nasu tun da wuri: Alpha Kappa Alpha a Jami'ar Howard a 1908, wadda Kamala Harris 'yarta ce, sai Delta Sigma Theta a 1913 da sauransu. Su ba sa wannan zagayen gidajen, a natse suke ɗiba, galibi sai ɗaliba ta yi zango ta nuna makinta, kuma har tsufa ake yi. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a wurin aikinmu, ta haura sittin, har yau ba ta fashin taronsu, da jar rigarta. Musulmi ma sun fara tasu, akwai Mu Delta Alpha da aka kafa nan Dallas a 2016, sai dai ba kowace makaranta ke da reshe ba, ta 'yarki babu.

Kin tambaya ko haka 'ya'yan Hausawa ke yi a nan. A'a, ƙalilan ne. Yawancin yaranmu ƙungiyar ɗalibai Musulmi suke shiga, ko ta ɗaliban Afirka, inda za a dafa dafa-duka a yi musu da 'yan Gana kan ta wa ta fi daɗi. Da yawa ma daga gida suke zuwa makaranta, iyaye ba sa barin kwana a can. Da maganar ta fito a wajen wani suna, mata suka rabu biyu. Wata Hajiya 'yar Damagaram, wadda ta riga mu zuwa da shekaru, ta ce ita ko a mafarki, wai kuɗi za ka biya a sayar wa 'yarka ƙawaye. Wata kuma ta ce babbar 'yarta ta hanyar wata tsohuwar 'yar ƙungiyarsu ta samu aikin farko, don a ƙasar nan ma sai da sanayya, sunanta kawai suka canza. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa.

Ni abin da ya juya min ra'ayi daban ne. Ki tuna yadda muka tashi a gidan Baba. Mu nawa ne a tsakar gida? In za a yi biki ba a neman ƙawayen amarya, 'yan ɗaki kaɗai sun cika mota. Anko, adashe, lalle, rakiya asibiti, duk a shirye muka tarar da su. Yarinyar nan ita da ƙannenta biyu ne, a unguwar da maƙwabci zai shekara bai san sunanka ba. Sai ga ta a makarantar da ɗalibanta sun fi mutanen garinmu yawa, tafiyar awa uku daga gida, ba ta san kowa ba. Da na kalli abin da kyau, sai na ga abin da muka samu kyauta ne suke ƙoƙarin ƙerawa da fom da kuɗi. Har yaya ake naɗa wa sabuwar shiga, babbar ɗaliba da za ta riƙa duba ta, tana mata 'yan kyaututtuka, kamar uwar ɗaki a makarantar kwana. Abin ya ba ni tausayi fiye da yadda ya ba ni tsoro.

Ba ta tattaro kayan ba. Gida biyu suka riƙe ta har ƙarshe, kuma a ɗayansu, ran nan da azahar ta yi tana ciki, wata yarinya ta kai ta ɗakin karatu ta rufe mata ƙofa ta tsaya a waje har ta idar. Shi ta rubuta a farko. Ranar sakamako aka tara su a fili, kowa da ambulan, aka ƙirga aka buɗe tare, sai ihu, kowa ta ruga gidanta da gudu. Hoton da ya tayar miki da hankali a ranar aka ɗauka. Alamar yatsun siffar harafin sunan gidan ce kawai, har a kofin shayi suna buga ta.

Kada ki ɗauka na ce babu abin tsoro. Akwai, sai dai ba inda kike dubawa ba. Na farko giya. A gidajen matan doka ta hana ajiye ta, maza ma ba sa hawa sama wajen ɗakunan kwana. Amma ana haɗa su shagali da gidajen maza, can kuwa kamar ruwa, duk da cewa doka ta ce sai mai shekara 21. Can ne kuma ake azabtar da sababbin shiga da sunan gwaji. A 2017 wani yaro ya mutu a Jami'ar Penn State bayan an ɗirka masa giya ya faɗo daga bene, kuma irin wannan ne ya sa a Disamban 2024 aka sa hannu a dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i bayyana duk ƙungiyar da aka kama. Abbansu ya zaunar da ita ya gindaya sharaɗi: taron gida da aikin taimako da karatu ta je, gidan maza ko da rana ba ita ba shi. Ta amsa. Ni dai na san amsawa daban, cikawa daban, addu'a nake yi.

Na biyu kuɗi. Na shiga, na zango, na riguna, na hoto, in ba ki je taro ba tara. A manyan makarantun kudu dubban daloli ne a shekara. Kada ki ce in juya miki shi zuwa naira, hawan jininki zai tashi. Mun ce rabi daga aikin da take yi a ɗakin karatu zai fito.

Na uku shi ne wanda har yanzu bai bar ni barci ba, kuma nan ne maganarki ke da ƙamshin gaskiya. Bayan 'yan makonni akwai bikin shigarwa, kuma shi a rufe ake yi. Akwai kalmomi da musabaha da ba a faɗa wa na waje. Waɗanda suka kafa yawancin ƙungiyoyin nan Kiristoci ne 'yan ƙarni na 19, wasu bukukuwan akwai karatun Baibul a ciki. Abbansu ya kai maganar wajen limaminmu. Malam ya ce alkawarin riƙon amana da taimakon juna ba laifi ba ne, amma rantsuwa da wanin Allah, ko durƙusa wa wani abu, ko furta abin da ya saɓa wa tauhidi, babu shi, kuma ta tambaya tun kafin ranar, kada sai an rufe ƙofa. Ta tambayi shugabarsu. An ce mata akwai addu'a a ciki, tana iya yin shiru a wurin, kuma an taɓa yi wa wata Bayahudiya haka. Abbansu bai gamsu da saƙon baki ba. Ƙarshen watan nan akwai ranar iyaye, za mu je, ya ce shi da kansa zai zauna da matar da ke ba su shawara. In amsar ba ta yi masa ba, kafin bikin ana iya fita ba tare da wata matsala ba, ita ma ta san da haka.

Don Allah kada ki nuna wa Inna hoton tukuna, ki bari in kira ta ranar Juma'a in yi mata bayani da bakina. In kuma Alhaji Ƙarami na nan tafe a watan gobe kamar yadda aka ce, ki ba shi atamfa turmi ɗaya mai ruwan shuɗi da kilishi. Wai yayar da aka naɗa mata ta ga hoton bikin Bilkisu, tun ranar take tambaya ko za a ɗinka mata irin ɗinkin.

A gaida Yaya Malam da yara.